Zauren Fatake: Wa ke duba sama idan yaranmu sun shiga kwazazzabo?

 

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci, wani Alhaji maƙwabcina a nan Kwatano, mai shagon atamfa a kasuwar Dantokpa, ya kamo hannuna ya ja ni gefe. Ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan abu, ka gaya mini wasa ne ko taɓin hankali."

Bidiyo ne na minti biyu. Samari da 'yan mata ne sanye da baƙaƙen kayan roba da suka ɗame su, kowa da hular kwano, suna cikin wani tsukakken kwazazzabo, dutse dama dutse hagu, ruwa na gudu a tsakiya. Wani ya sauko ta igiya ruwa na zubo masa a ka, wata ta toshe hanci ta yi tsalle ta faɗa cikin gurbi, sauran suna ihu suna tafi. Ɗan farin Alhaji ne ya turo, wanda ke karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa. Alhaji ba ya kama sunansa, "yaron nan" yake cewa. To yaron nan da abokan karatunsa sun shirya zuwa irin wannan yawo idan an yi hutu, da ɗan jagora na haya, kowa zai biya Yuro 60, kusan sefa dubu 40 ke nan. Yana neman izini, kuma a ƙarshen saƙon, kamar yadda kuka sani, yana neman kuɗin.

Hajiya tana gani ta ce ko da wasa. Shi kuwa Alhaji abin da ya dame shi daban ne. Ya ce, "Malam, ina Kwatano yana Faransa. In na ce kada ya je, da wace igiya zan ɗaure shi? Zai tafi abinsa, sai dai ya daina nuna mini." Wannan magana ce ta sa na ce bari yau mu zauna a kan batun, domin gidaje da yawa a zangunanmu suna da ɗa ko 'ya a Turai, ko Maroko, ko Turkiyya, ko Dubai. In irin wannan bidiyo bai riga ya shigo wayarku ba, yana hanya.

Turawa na kiran wasan kanyonin, ni kuwa bari in ce masa bin kwazazzabo. Ruwan da ke gangarowa daga kan duwatsu shekara da shekaru yana cin dutse har ya tsaga shi, ya bar hanya mai zurfi, wani wurin ma in ka miƙa hannuwa biyu sai ka taɓa bango da bango. Masu wasan sukan shiga daga sama su bi ruwan har ƙasa. Inda ake takawa su taka, inda ya yi zurfi su yi iyo, inda dutse ya yi sulɓi su zame, inda ruwa ke faɗowa daga tudu su sauka da igiya da ɗamarar da aka ɗaura musu a ƙugu. Kayan robar nan don sanyi ne, domin ruwan manyan duwatsu ko a tsakiyar zafi yana iya sandarar da mutum. Abin ba na jiya ba ne. Tun 1905 wani Bafaranshe mai binciken kogon dutse, Édouard-Alfred Martel, ya ratsa babban kwazazzabon Verdon da ke kudancin Faransa. Yau kuwa ya zama sana'a sosai a Faransa da Sifen da Italiya da Suwizalan: ka biya, a ba ka kaya, a haɗa ka da jagora, a kai ku da mota, a dawo da ku kafin la'asar. Grenoble ɗin ma da yaron Alhaji yake, duwatsu ne suka kewaye ta, wuraren wasan ba su da nisa da gari.

Abin da ya tsorata Alhaji a bidiyon igiya ce. "In ta tsinke fa?" Na ce masa, Alhaji, ka saki igiya tukuna. Manyan masifun da aka gani a wannan wasa, waɗanda suka ci rai goma ko ashirin a lokaci guda, ruwa ne ya kawo su. Kuma sau da yawa ruwan a wani wuri can nesa aka yi shi.

Ku 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. In aka yi ruwan sama na milimita 1 kacal a kan fili mai murabba'in kilomita 1, lita miliyan 1 ce ta zuba. Tankar mai da ke ɗaukar lita 33,000, kusan guda 30 ke nan. To a ce hadari ya sauke milimita 20 a kan murabba'in kilomita 10 na kan dutse, abin da ba wani abin mamaki ba ne, tanka wajen 6,000 ke nan. Dutse ba ya shan ruwa kamar rairayi. Mafi yawansa gangarowa zai yi, kuma duk ta ƙofa ɗaya zai bi, wato wannan tsagar da mutane ke ciki suna dariya. Kowace lita 1,000 nauyinta tan guda ne, ga itatuwa da duwatsun da ta kwaso. Wanda ke ƙasan kwazazzabo kuwa, in ya ɗaga kai, ɗan siririn sama kawai yake gani. Yana iya ganin rana fes alhali can bayan tsauni gari ya yi baƙi ƙirin.

Mutanen Agadas da ke karanta mu ba sa bukatar in yi musu bayani. Sun san kori. Sai ka ga rairayi busasshe, yara na wasa a ciki, ba ɗigon ruwa a gari, can sai ka ji ruri kamar na babbar mota, ruwan da aka yi a duwatsun Azbin ne ya iso. A watan Satumba na 2009 korin Telwa ya cika ya shiga garin Agadas ya rushe gidaje masu yawa. Direbobin da ke bin hanyoyin can sun san ba a kwana a cikin kori da damina, komai laushin rairayinsa. To kwazazzabon Turai kori ne da aka matse tsakanin bango biyu na dutse, babu wurin gudu.

Bari in ba ku labarin da duk mai wannan sana'a ya sani. Ranar 27 ga Yuli, 1999, a wani kwazazzabo da ake kira Saxetenbach kusa da garin Interlaken a Suwizalan, wani kamfani ya shigar da 'yan yawon buɗe ido 45 tare da jagorori 8, an raba su kashi huɗu. Yawancinsu matasa ne da ke zagaya Turai a bas, sa'o'in yaron Alhaji. Da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi a saman kwarin. Kafin su ankara, ruwan laka ya sauko musu gaba ɗaya. Mutum 21 suka rasu, 18 baƙi ne, 3 jagorori. 14 daga cikinsu 'yan Ostareliya ne. Wasu gawarwakin sai a tafkin Brienz aka tsamo su, can inda kogin ke zuba.

Abin lura shi ne abin da kotu ta ce a watan Disamba na 2001. An gurfanar da mutum takwas. An sami shida da laifin kisa ta hanyar sakaci, wato shugabannin kamfanin da manajoji da babban jagora, aka yi musu tara da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na 'yan watanni. Ƙananan jagorori biyu kuwa aka wanke su. Dalilin kotu shi ne, alamun hadari sun bayyana tun kafin a shiga, ya kamata a soke tafiyar, amma kamfanin bai horar da ma'aikatansa yadda ya kamata ba, kuma bai kafa musu tsayayyar ƙa'ida ta ranar da ba a shiga ba. Kun ga ke nan ba igiya ce ta ci amana ba, ba hular kwano ba. An rasa mutum ɗaya ne da zai dubi sama ya ce, "Yau kam a koma." Bayan shekaru Suwizalan ta yi doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2014, da ta tilasta wa masu irin wannan sana'a samun lasisi da inshora.

Kada a ce abin na Suwizalan ne kawai. A watan Agusta na 1997, a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona a Amurka, mutum 11 suka rasu, jagoransu kaɗai ya tsira, kuma ruwan da ya ci su a nesa aka yi shi, kilomitoci da dama daga inda suke. Ranar 20 ga Agusta, 2018, a kwazazzabon Raganello a kudancin Italiya, mutum 10 suka rasu, har da jagora. A watan Oktoba na wannan shekarar dai, a Jodan kusa da Tekun Gishiri, ambaliya ta sauko ta wani kwari ta kashe mutum 21, yawancinsu 'yan makaranta da aka fita da su yawo, har ministoci biyu suka yi murabus. Ƙasa daban, harshe daban, amma labarin kamar an kwafa: an shirya, an biya, mota ta kawo mutane, sama ta nuna alama, aka ce bari dai a gwada.

Me ya sa ake gwadawa? Ai mun fi kowa sani. Wanda ya taɓa karɓar kafin alƙalami ya san nauyin mayar da shi. Mai kamfani yana da 'yan watannin zafi ne kawai da zai nemi abincin shekara. Mutum 45 sun biya, bas ɗinsu gobe zai wuce wata ƙasa, in an soke yau shi ke nan an rasa cinikin. Jagora ƙaramin ma'aikaci ne, yana gudun a ce masa matsoraci ko a hana shi aikin gobe. Su kuma baƙin sun sa kaya, sun kunna kamara, ba wanda ke so ya zama shi ne ya ɓata wa mutane rana. Kowa na jiran wani ya fara magana, shi kuwa ruwa ba ya jiran kowa.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san wannan ciwo, shi ya sa ba a tashi ayari sai da madugu. Akwai jagaba da ke shigewa gaba ya duba hanya, amma maganar a tashi ko a zauna ta madugu ce. In ya ce yau ba a haye kogi, ba a hayewa, ko da goro zai yi asara, ko da wani ayarin zai riga su cin kasuwa. Fatake ba don sanin hanya kawai suke bin madugu ba, hanya ai jaki ma ya san ta in ya bi sau uku. Suna binsa ne don yana iya tsayar da mutane ɗari a bakin ruwa, ya sha zagi, ya kwana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jagoran kwazazzabo ma da wannan ma'auni za a auna shi. Iya ɗaura igiya kowa ya koya zai iya, amma kuɗin da ake biyansa na ranar da zai ce a'a ne.

Saboda haka na ce da Alhaji kada ya tsaya a kan e ko a'a, ya aika wa yaron tambayoyi ya kai wa masu kamfanin. Mai tambaya ba ya ɓata. Ga su nan, ku ma ku adana.

Ta farko, jagoran yana da takarda? A Faransa duk wanda ke jagorantar mutane a wannan wasa don kuɗi, doka ta ce sai yana da shaidar horo da gwamnati ta amince da ita, da katin sana'a. Ba rashin kunya ba ne a ce a gani. Wanda ya ji haushin tambayar ya riga ya ba ka amsa.

Ta biyu, wadda ta fi duka: wa ke da ikon soke tafiya, kuma in an soke don yanayi, ana mayar da kuɗi ko a ɗaga rana? Kamfanin da ya rubuta wannan ƙarara ya sauke wa jagoransa kaya. Wanda ya ce "mu ba ma sokewa, ruwa ko rana", a bar masa kwazazzabonsa.

Ta uku, wane matsayi kwazazzabon yake da shi? Faransawa suna auna kowanne da alama uku. Harafin v da lamba daga 1 zuwa 7 yana nuna wuyar sauka da igiya. Harafin a, shi ma 1 zuwa 7, yana nuna ƙarfin ruwa. Sai lambar Rumawa daga I zuwa VI, wadda ke nuna in abu ya ɓaci, yaya wuyar fita take, kuma minti nawa ko awa nawa kafin a kai wurin da ruwa ba ya kaiwa. Matasa kan dubi ta farko don su yi alfahari. Uba ya dubi ta uku. Sabon shiga ba shi da abin yi a wurin da lambobinsa suka yi sama.

Ta huɗu, da safe ne ko da yamma? A duwatsun Alps da zafi, hadari ya fi haɗuwa bayan azahar. Wanda ya shiga da sassafe ya fito kafin rana ta karkata ya rage wa kansa haɗari mai yawa. Hukumar hasashen yanayi ta Faransa tana fitar da gargaɗi da launi huɗu, kore, rawaya, ruwan lemo da ja, kuma yaro na iya dubawa a wayarsa kyauta. Amma ya duba na saman dutsen da ruwan ke fitowa, kada ya tsaya a na garin da ya kwana. A kuma tambaya ko akwai madatsar ruwa a sama, domin wasu kwazazzabai suna ƙarƙashin dam ne, in aka saki ruwa sai ya taso ko babu girgije ko ɗaya.

Ta biyar, mutum nawa jagora ɗaya ke riƙewa, kuma tsallen dole ne? Karaya da ciwon baya da ake samu yau da kullum yawanci daga tsalle suke. Jagoran kirki yakan fara sauka ya duba zurfin gurbin, kuma yakan bar wa wanda ba ya so hanyar igiya ko ta gefe.

Ta shida ba ta kamfani ba ce, ta gida ce: yaron ya iya ruwa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga yaranmu a zango suka tashi, tsakanin shago da makarantar allo da boko, ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Kunya za ta hana shi faɗa a gaban abokai Turawa. Kayan roba suna ɗan ɗaga mutum, amma ba sa koya masa iyo. In bai iya ba, ya fara zuwa wurin koyo, kwazazzabo ba gudu zai yi ba.

A ƙara masa da abin da kowane ɗan Agadas ya sani. In ruwa mai haske ya fara gurɓacewa, in ganye da ƙirare suka fara gangarowa, in ruwan ya ɗan ƙaru ko aka ji ruri daga sama, ba lokacin ɗaukar hoto ba ne, ba kuma lokacin neman jaka ba. A hau sama ta ko'ina aka samu, kada a yi tsere da ruwa zuwa ƙasa. Lambar neman agaji a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, sai dai a cikin tsagar dutse sau da yawa waya ba ta kamawa, don haka a bar wa wani a gari labarin inda aka shiga da lokacin da ake sa ran fitowa.

Na san wani zai ce, Malam, ai kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai a tafi. Haka ne, babu musu. Amma mu da ke faɗar haka, ba ma loda kaya a motar da tayarta ta cinye, ba ma barin shago a buɗe mu tafi masallaci. Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Wani kuma zai ce, to a hana kawai a huta. In yaronka yana jin hani daga nisan kilomita dubbai, ka gode wa Allah. Amma yawancinmu da muka bar gida muna da ƙuruciya mun san abubuwan da muka yi ba mu faɗa wa tsofaffi ba. Ni dai na fi son yaron da zai gaya mini inda za shi, in ba shi abin da zai tsare kansa da shi, da wanda zan ji labari a bakin wani.

Alhaji ya kira yaron a daren nan ina zaune. Ya karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yaron na cewa, "To Baba, to Baba." Da aka zo ta shida sai ya yi shiru, can ya ce, "Baba, na ɗan iya." Alhaji ya ce, "Ɗan iyawa ba iyawa ba ne. Ka je ka koya, ni zan biya."

Daga nan sai ya faɗi abin da ni ban kawo a raina ba, kuma shi ne na ga ya fi duk tambayoyina amfani. Ya ce, "Ka ji ni da kyau. In kuka je bakin wurin ka ga sama ba ta yi maka ba, ko jagoran ya ce a shiga, kai ka juyo. Yuro sittin ɗin nan asarata ce, ba taka ba. Ka juyo, in sake turo maka wata sittin ɗin." Wato ya cire wa yaron nauyin kafin alƙalami tun kafin ya ɗauka. Shekara talatin yana kasuwa, ya san cewa abin da ke tura mutum cikin ruwa sau da yawa baƙin cikin kuɗin da ya riga ya biya ne.

Hajiya dai har yanzu tana kan bakanta, ta ce ita addu'arta Allah Ya sa a yi ta ruwa a Faransa har hutun ya ƙare. Yaron ya aika wa kamfanin tambayoyin, ana jiran amsa. In ta zo zan gaya muku.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.